Injin Kawu da Fil ɗin Mayafi

Ni mutumin Jos ne, kuma har na bar gida ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Duk wanda ya san ni a da, in ya ji cewa na taɓa mallakar rabin jirgin ruwa a Amurka, sai ya yi dariya ya ƙoshi kafin ya tambayi yadda aka yi. Kawu ne ya jawo.

Ba kawuna ba ne na jini. Dattijo ne ɗan Yawuri, na same shi a wani shagon kayan abincin gida a Silver Spring yana musu da mai shago a kan busasshen kifi, wai wannan ba kifin da za a sayar wa mutum mai mutunci ba ne. Na ji Hausa, na gaishe shi, zumunci ya ƙullu. Da ya ji aikin jinya nake yi a asibiti sai ya laƙaba mini Likita. Na yi ta gyara masa har na gaji na karɓa. Shi kuwa aikinsa tsaron wurin ajiye motoci ne a ƙarƙashin wani dogon gini a Washington, yini guda cikin ɗan akurki, yana miƙa tikiti yana ɗaga wa motoci sanda. Amma da ya buɗe baki ba ka jin komai sai Kogin Kwara. Shekara ashirin ya yi yana tuƙa jirgi mai inji, ranar kasuwa ya ɗauko mutane da buhuna da awaki, ya tsallakar da su ko da ruwa ya cika ya tumbatsa.

A layinmu a Manassas akwai wani tsohon Bature da gwiwa ta fara ba shi wahala, ya sa jirginsa a kasuwa. Ɗan ƙarami ne na alminiyon, benci uku, da tirelarsa, da injin da ake ɗaurawa a baya mai ƙarfin doki goma sha biyar. Cikin hira kawai na ambata wa Kawu. Asabar ta zagayo sai ga shi a ƙofar gidana tun ban karya ba. Bai ko kalli jirgin ba. Ya sa aka tsoma ƙafar injin a durom ɗin ruwa, ya ja igiya, ya karkatar da kai yana saurare kamar yadda nake sauraron ƙirjin majinyaci.

Ya ce, "Lafiyayye ne, Likita. Ba a dai san darajarsa ba."

Muka haɗa hannu muka saya. Jirgi ya zauna a bayan gidana, tunda ni ke da fili da motar jan tirela. Inji kuwa Kawu ya ce ba zai kwana a waje ba. A Yawuri ba a barin inji a bakin ruwa, da an tashi aiki sai a kwance shi, a saɓa a kafaɗa, a kai shi ɗaki. Na ce masa nan Manassas ne, ko keken yara aka bari a waje ba mai taɓawa. Ya dube ni kamar na ce ya bar jikansa a tasha. Haka kuwa aka yi ta yi. Duk dawowarmu sai ya kwance inji, ya sa a bayan motarsa, ya yi tafiyar awa guda zuwa Silver Spring, ya shiga lif da shi zuwa hawa na shida, maƙwabta na matsawa gefe suna toshe hanci. Hajiya, matarsa, ta rantse ba zai shiga mata falo ba, sai aka yi sulhu a kan baranda. Ya kafa masa katako a can ya tsayar da shi, ya lulluɓe shi da tsohon bargo.

Juma'a tasa ce ta masallaci, Lahadi tawa ta coci, don haka Asabar ta zama ta ruwa. Mukan sauke jirgi a wani gangare kusa da Woodbridge mu shiga Kogin Potomac. A nan na ga wani mutum daban. Wannan dattijon da ke ranƙwafawa a cikin akurki, da ya kama hannun inji sai bayansa ya miƙe. Da ido yake gane inda ruwa ke da zurfi. Shi ke auna baƙin mai ya gauraya da fetur, ba ya yarda da awona. Da inji ya tashi sai ya leƙa baya ya tabbatar siririn ruwan nan mai sanyaya shi yana fita, ya ce, "Ya yi fitsari, mu tafi." Mun kamo tarwaɗa manya-manya da ya ce a gida sai an yi musu shela. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa: bai taɓa bari na riƙe hannun injin ba, ko na minti guda. In na yi magana sai ya ce, "Likita, zauna can gaba ka danne mana hancin jirgi, aikinka babba ne." Rabin jirgin nan nawa ne, amma matsayina bai wuce na buhun masara ba.

Kawu yana da 'yar auta da aka haifa a nan, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Duk wannan bazara da damina ya yi ta lallaɓa ta ta zo ruwa, kullum akwai jarrabawa ko aiki ko ƙawaye. In ya ɗauko labarin Kwara sai ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai tatsuniya, idonta a kan waya. Wata Asabar muna zaune a tsakiyar ruwa, kifi ya ƙi ci, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Likita, yarinyar nan ba ta san ni ba. Mai ɗaga sanda ta sani."

Maganar ta taɓa ni ƙwarai, sai na miƙa masa gyaɗa.

Da sanyi ya kawo kai muka yi fitar ƙarshe. Tun ranar ciniki Baturen nan ya ja mana kunne: kafin a ajiye inji na watannin sanyi, a zare tiyon mai yana cikin aiki, a bar shi ya shanye abin da ke cikinsa har ya mutu da kansa, don fetur ɗin nan in ya daɗe a zaune lalacewa yake yi. Na tuna wa Kawu a bakin gangare. Ya sha kunu.

"Inji ya mutu da yunwa a hannuna? A Yawuri in mai ya ƙare maka a kan ruwa, shekara za a yi ana yi maka waƙa. Kuma ma almubazzaranci ne."

Ban da ƙin zare tiyon, sai da ya ƙara matsa masa mai ya cika shi taf, wai kada ya kwana da ƙishi. Ban ga laifinsa sosai ba. A inda ya koyi aikin, inji ba ya yin kwana biyu bai tashi ba, ba wanda ya taɓa ganin abin da wata biyar na zama ke yi wa fetur. Sanyin da ya shiga 2010 kuwa ba na wasa ba ne, dusar ƙanƙara ta binne jirgin a bayan gidana har ba a ganin tirela.

Watan Mayu Kawu ya kira ni cike da ɗoki. Uwata ta sami aiki a Texas, saura mako biyu ta tafi, kuma ta ce za ta zo ruwa ranar Asabar. Na ce to mu gwada injin kafin ranar. Ya ce injinsa ba ya bukatar gwaji.

Ranar ta zo da rana mai daɗi. Hajiya ta haɗo mu da soyayyen nama da kunun aya. Kawu ya sa sabuwar hula. Uwata ta zauna a bencin tsakiya, rigar kariyar ruwa a kan doguwar rigarta, tana ɗaukar hoto. Na zuba sabon mai a tanki, muka tura jirgi. Kawu ya yi bisimilla, ya ja igiya.

Shiru.

Ya sake ja. Ya ja har sau ashirin, ina ƙirgawa a zuci. Injin ya yi tari sau ɗaya ya koma barci. Motoci da tireloli sun yi layi a bayanmu suna jiran gangare, gumi ya jiƙa wa Kawu wuyan riga. Uwata ta ce da Turanci, cikin tausayi, "Ba komai, Dadi, mu je mu ci abincin a kan ciyawa." Na ga yadda maganar ta shige shi. Da ta yi masa dariya ma da ya fi sauƙi. Ni kuwa maganar "ai na faɗa maka" ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye ta da ƙyar, kuma har yau ina ganin wannan na cikin manyan ayyukan alherin da na yi a duniya.

Muka ja jirgin da igiya zuwa gefen dakalin katako muka ba mutane hanya. Kawu ya zauna kusa da injin. Sai ya cire sabuwar hular nan, ya kife ta a kan benci bakinta sama, ya ce, "Likita, sukudireba." Ya buɗe murfin inji. Ya kwance filogi, ya duba, ya shinshina, ya ce a bushe yake, mai ba ya isowa. Ya kwance kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, duk ɗan notin da ya fito sai ya jefa cikin hula. Da ya buɗe ƙasanta sai ga tsohon man ya daskare ya yi danƙo kamar ƙaro. Ya dube shi, ya dube ni.

"Baturen nan ya yi gaskiya," in ji shi, ya ci gaba da aiki.

Hannuwansa ba sa laluben komai, sun san inda kowane abu yake. Uwata ta ajiye waya ta matso. Ya zaro wani ɗan ƙarfe ƙanƙane mai rami a tsaka, ya ɗaga shi sama ya leƙa, haske bai ratsa ba. Ya laluba akwatin kayan aiki bai sami abin da zai shiga ramin ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi mayafinta.

"Uwata, ara mini fil ɗinki."

Ta zare ta miƙa masa, ta riƙe mayafin da hannu ɗaya. Ya soka a hankali, ya juya, ya wanke da sabon fetur, ya sa baki ya hura, ya tofar, ya miƙa mata ta leƙa. Ta ce ta ga haske. Wani mutum da ke ɗaure nasa jirgin kusa da mu ya tsaya kallo, ya tambaye ta ko babanta bakanike ne. Na ga ta buɗe baki, ta ɗan tsaya. Sannan ta ce masa a'a, matuƙin jirgi ne a babban kogin ƙasarmu, shekara ashirin ya yi yana yi. Kawu bai ɗago ba, amma sukudireban ya tsaya a hannunsa na ɗan lokaci.

Ya mayar da komai, hula ta koma kai da tabon mai. Ja na biyu injin ya kama, hayaƙi ya turnuƙe mu. Kawu ya leƙa baya. Uwata ta riga shi, ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Ya yi fitsari." Ashe duk labaran nan tana ji.

Muka fita fili, iska na dukan fuska, ni a gaba ina aikina na danne hanci. Kawu yana nuna mata inda launin ruwa ya canza, da yadda ake tarar igiyar ruwan manyan jirage a karkace. Can na ji ta ce, "Baba, ba ni in riƙe."

Na juyo don in ga yadda zai sallame ta kamar yadda ya saba sallamata. Sai na ga ya matsa gefe. Ya ɗora hannunta a kan hannun injin, ya ɗora nasa a kai, bayan ɗan lokaci ya janye nasa ya ajiye a gwiwa. Jirgin ya yi ta kwana-kwana kamar ɗan koyon keke, bai karɓe ba. Da ya ga ina kallon idonsa sai ya ce iska ce ke sa masa hawaye, ni kuma na juya na ci gaba da kallon gaba.

Ta tafi Texas bayan mako biyu. Da sanyi ya sake zuwa, ita ta kira shi ta tuna masa maganar tiyo. A bakin gangare ya zare shi da hannunsa, ya juya wa injin baya har ya mutu, ya ce Uwata ce ta ce. Ni dai har muka sayar da jirgin ban riƙe hannun injin nan ba. Fil ɗin ma bai mayar mata ba, yana nan soke a cikin hular da yake zuwa aiki da ita.