Kumfar da ta mutu a kan zanen Gwaggo

Jiya jikata Hadiza ta ɗauki zanen saƙin da marigayiya Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta bar mini, za ta wanke. Ta zuba omo, ta ƙara wani ruwan ƙamshi mai sa tufafi laushi da ta sayo a Konni. Ina tsaye a kanta kumfar ta mutu, wani farin gudaji mai yauƙi ya manne wa zanen.

Nan take na tuna Gwaggo. Sabulun salo take dafawa a Badaguishiri, hannunta kullum warin toka da man gyaɗa. Ina jegon ɗan farina na tsiyaya maganin wanke ciwo na likita cikin ruwan sabulunta, wai don tsumman jariri su fi tsabta. Haka kumfar ta kwanta. Gwaggo ta buge mini hannu ta ce, "Ke, ba a gama su ƙwarya guda. Junansu za su riƙe, su manta da dauɗa."

Na faɗa wa Hadiza. Ta ce, "Kaka, a lakwal malamanmu sun ce in an auna daidai, haɗin ya fi kowanne ƙarfi."

"To, ke kin auna?"

Ta ci gaba da cuɗa zanen.

Ni dai kaina ya ɗaure. Kowanne wanki yake yi, ta yaya za su haɗu su zama dauɗa? In malamai ke da gaskiya, me muka gani ni da Gwaggo? Ba ta nan balle in tambaye ta.

Na karɓe zanen, na ɗauraye sau uku, na sake wankewa da salo kaɗai. Gudajin ya fita, saura ɗan tabo a gefe.

Allah ya wanke Gwaggo fes, fiye da yadda na iya wanke zanenta.