Filtir ɗin da Gara ta Ci

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, ni ke tuƙa wani tsohon kamiyo na wani ɗan kasuwa a Tahoua. Turawan gyaran hanya sunka bar shi da za su tafi, maigidana ya saya. Gazuwal yake sha, wato man dizal, gazuwal ɗin kuwa a tano, gangar ƙarfe, ake kawo mana, da tsatsa da ƙasa da komai. Abin da ke tsare inji daga wannan dauɗa shi ne filtir, wata ƴar matata ta takarda kamar gwangwanin madara, da ke zaune cikin kofin ƙarfe a gefen inji.

Mu direbobin lokacin ba mu canza filtir. In ya toshe sai ka cire, ka wanke da kananzir, ka hura da baki, ka shanya bisa taya, ka mayar. Maigidana ya taɓa zuwa Yamai ya kawo mini sabo fil a kwalinsa, ya ce in sa. Na ce to. Amma wa zai sa sabo alhali tsoho na numfashi? Na kai gida na ba matata ajiya, ta tura shi ƙarƙashin gado, jikin bango. Wata bakwai yana nan, ni kuwa ina tasha ina cika baki cewa ina da sabon filtir a gida.

Yayana manomi ne, a ƙauyenmu gaba da Takanamat. Damanar da ta wuce ba ta yi musu kyau ba, kafin bazara sun cinye har irin shuka. Na riga na sayo masa buhu biyu na hatsi a kasuwar Lahadi, ina jiran tafiyar arewa. Ran Litinin ruwan fari ya sauka a can. Ran Talata saƙo ya iso ni: ƙasa ta jiƙu, iri kawai ake jira. Duk ɗan ƙasarmu ta Adar ya san lissafin, kwana biyu ne, in Allah ya taimaka uku, laima ta tafi.

Laraba da hantsi munka yi lodi, sukari da shayi da yadi, fasinja bisa kaya, buhunan Yaya a bayan kujerata. Na biya gida na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Na ji ya ɗan yi nauyi, na ce ai sabo ne. Na kakkaɓe ƙasar gindinsa na jefa cikin akwatin kayan aiki.

Mun yi kamar rabin hanya, a wani hawa mai yashi, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Ban ko damu ba. Na kwance kofin, na tarar da laka, tsohon filtir kuwa ya yage gida biyu, wanki ya cinye shi. Fasinja sun sauko sun kewaye ni. Na ɗauko kwalin da yanga, har da cewa, “Yau za ku ga sabo.”

Na buɗe. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye takardar kaf, ta gina gidanta a ciki. Ƙarfen tsakiya kawai ya rage, da ƙasa ja. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, “Ɗana, wannan ne sabon?” Na zaro ƙarfen na yar da kwalin.

Ina tsugune sai ga wani Buzu da raƙuma biyu, ɗaya ba kaya, shi ma arewa ya nufa. Ya tsaya munka gaisa, fasinja sunka ba shi labarin irin, don tun daga tasha nake maganarsa. Ya ce in ɗora buhunan, kafin magariba yana ƙauyenmu, hanyarsa ce. Ni kuwa, direban kamiyo, a ce raƙumi ya kai mini kaya a gaban mutane? Na ce masa, “Ka gode, yanzun nan za ta tashi, zan wuce ka a hanya.” Ya dube ni, ya dubi motar, ya ja akala ya tafi.

Na fara da rawanin wani fasinja. Na naɗe ƙarfen da shi, na mayar, na buga ɗan famfon hannu har iska ta fita daga bututu, anka tura motar, ta tashi. Ba mu yi nisa ba zare ya toshe hanya ta sake mutuwa. Na kwance bututun duka ina hurawa, bakina ɗaci, rana ta faɗi ina nan. A gefen hanya munka kwana.

A cikin fasinja akwai wani malamin lakkol, makarantar boko, Kirista daga kudu, an tura shi sabon wurin aiki. Tun daga Tahoua yake riƙe da hular Turawa ta gashi, mai baki zagaye, yana ta kare ta daga rassan ƙaya. Da safe ya zo ya tsaya kaina ya ce, “Direba, wannan ba za ta tace ba?” Na ce, “Haba Malam, da ita za ka shiga gari fa.” Ya ce yaran ba hula za su karanta ba. Da wuƙata munka yanka ta, munka naɗe ƙarfen sau biyu, munka ɗaure da waya. Wallahi ta tace. Motar ta riƙa tafiya kamar tsohon jaki, in na taka sai ta shaƙe, amma ba ta ƙara mutuwa ba.

Mun sauke Malam a Takanamat, kansa a rana. Ƙauyenmu sai bayan la'asar ran Alhamis.

Na tarar da Yaya a bakin gona da sungumi, matansa da ƴaƴansa zaune gindin gawo da ƙoransu na zuba iri, ba komai ciki. Tun jiya suke fitowa. Gonakin maƙwabta duk an shuka, sawun ƙafa layi-layi. Ya yi mini sannu da hanya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sara ƙasa, ya tsuguna ya sa hannu, ya damƙo ya matse, ya buɗe tafi, ta warwatse. Ya ƙara sara can gaba, wajen kwari. Haka nan.

Na ce ko a gwada. Ya ce a'a. Ƙasar ba ta jiƙe ba, ba ta kuma bushe sarai ba balle a yi binne, irin ya kwanta a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. In an zuba yanzu irin zai kumbura ya mutu, a rasa duka. Sai dai a jira ruwa na biyu. Ruwa na biyu ya ɗauki kusan mako uku kafin ya zo, hatsinsa bai gama cika ido ba damana ta ɗauke. A ranin nan ya tafi kudu ci-rani, karo na farko a rayuwarsa, yana da furfura a gemu.

Amma ran nan bai san wannan ba tukuna. Ya kira yara sunka sauke buhunan, ya zagaya kamiyon yana kallo, ya dafa ƙofar.

“Ita ta ba ka wahala ko?”

Kunya ta kama ni har wuya. Fasinjan da sunka rage suna bisa kaya suna ji.

Na ce, “I, Yaya, ita ce.”

Ya ce, “Tsohuwa ce, ba laifinka ba ne. Zo ka sha fura.”

Na bi shi na sha. Har ya rasu ban gaya masa zancen raƙumin ba.