Simintin Kawu Lachlan

Kawuna Lachlan Geddes magini ne, kuma shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da kangon babban cocin garinmu. Cocin ya haura shekara ɗari bakwai. Tun zamanin kakannin kakanni aka kwashe darmar rufinsa, ruwan sama da iskar teku suka yi yadda suka ga dama da shi, mutanen gari kuma suka yi ta jidar duwatsunsa suna gina garken tumaki. Abin da ya rage bango biyu ne, da kaburburan bishop-bishop, da bakan babbar tagar yamma, wato lanƙwasasshen ginin da ke samanta. A saman bakan akwai kan wani mutum da aka sassaƙa da dutse, bakinsa a karkace kamar mai ciwon haƙori. Kawu na kiransa Maigida, kuma kullum da safe sai ya ɗaga masa hula kafin ya ɗauki cokalin gini.

Da hukuma ta ɗauke shi aiki a 1958, umarni ɗaya aka ba shi: ya ƙwaƙule tsohuwar farar ƙasar da ke tsakanin duwatsu, wadda ta zama gari, ya cike gurbin da siminti. Kawu kuwa ba ya ha'inci. Kwaɓinsa ya fi na kowa ƙarfi, yana tura shi har inda yatsa ba ya kaiwa. Da kumatun Maigida ya tsage, shi ya hau tsani ya yi masa faci tun daga kunne har haɓa.

Matarsa, Inna Effie, takan ce masa, "Da bangon nan ya iya dafa shayi, da ba ka san hanyar gida ba."

"Ko ba komai ba ya mayar da magana," in ji shi. Sai ya juyo gare ni. "Ni zan mutu, ke ma za ki mutu, 'yar nan, amma simintina na nan."

Girman kansa na ba ni haushi, amma ina sonsa, kuma na yarda da shi.

Bayan ya ajiye aiki da shekara shida aka turo wata masaniyar tsofaffin gine-gine, Morag Rennie, ta duba kangon. Kawu ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ce in raka shi, don a zatonsa yabo zai sha. Muka same ta tana shafa bango, jan dutsen yana zubowa kamar garin masara. Duwatsun sun lotsa ciki, layukan siminti kuwa sun fito waje cas, ko tsaga babu.

"Wa ya yi wannan aikin?" ta tambaya.

"Ni ne," in ji Kawu.

Ta juyo gare shi. "Baba, dutsen nan mai laushi ne, yana shan ruwa. A da ta farar ƙasar ruwan ke fita. Siminti ya toshe masa hanya, sai ya zauna cikin dutsen, sanyi ya zo ya daskarar da shi, dutsen ya fashe daga ciki."

"Haka aka ce in yi."

"Na sani. Ko'ina haka aka yi. Amma inda malalatan magina suka yi, simintin ya faɗo da kansa, dutse ya tsira. Naka ne ban taɓa ganin mai kyau irinsa ba." Ta sauke murya. "Da ma ba ka iya ba."

Kawu ya juya, muka koma gida. Washegari ya ɗauki guduma da cizal ya koma, yana da shekara saba'in da biyu, ba wanda ya sa shi. Duk gutsuren da ya ɓamɓaro sai ya taho da leɓen dutse. Mako uku yana yi, bangon na ƙara lalacewa, har Morag ta riƙe masa hannu ta ce ya bari don Allah. A cire ɓarna ce, a bari ma ɓarna ce. Aka kewaye bakan da waya, aka rataya allon gargaɗi, Kawu ya koma tsayawa daga waje yana kallon sama.

A sanyin shekara ta uku Maigida ya faɗo. Ina tare da Kawu da safen nan. Ya ɗaga wayar ya shiga, ya durƙusa da ƙyar. Kan ya zama yashi cikin ciyawa, ko hanci bai rage ba. Facin kawai ya tsinta, lafiya lau. Da ya juya shi, sai ga zanen kumatun da karkataccen bakin a ciki, kowane layi ya fito. Na ji tausayinsa har na kasa kallon fuskarsa.

Ya kai facin gida ya ajiye a bakin taga, bai sake taka kangon ba har ya rasu. Yanzu ƙarafa ne ke tokare da bakan, kuma Morag ta ce ba ta jin zai kai jikokina. Facin yana wurina. Rannan ya suɓuce mini ya faɗi a kan daɓe, ko ƙwarzane bai yi ba.