Faifan Birkin Jif Ɗin Alhaji

Shekara goma sha tara ina tuƙa Alhaji, ko kaza ban taɓa takewa ba. Da wannan aikin na yi aure, da shi na aurar da ɗiyata ta fari, kuma ban iya wata sana'a ba bayan shi. Ina faɗa tun farko don a san abin da na ɗora a kan harshena ranar da na buɗe baki a Tsafe.

Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, gidansa yana Damba, nan cikin Gusau. Ba marowaci ba ne, in faɗi gaskiya. Amma yana da halaye biyu da suka sha mini kai. Ba ya shiga taro da mota mai ƙura. Sannan ya yi imani cewa duk ƙarfen da mota ta zo da shi daga inda aka ƙera ta, ya fi kowane sabo da za a sayo a kasuwa. In ka ce a canza wani abu a jif ɗinsa, sai ya dube ka kamar ka ce a cire masa haƙori.

Faifan birki shi ne ƙarfen nan mai da'ira da ke bayan taya, wanda takalman birki ke matsewa in ka taka, mota ta tsaya. Jif ɗin Alhaji kuwa nauyi gare ta kamar ƙaramar tirela. Hanyar Tsafe a 'yan shekarun nan ba mai yi mata tafiyar ganin gari, kowa gudu yake ya isa da rana tsaka. Ga ramuka, ga shingayen bincike. Ka ba ta wuta, ka taka birki, ka sake ba ta wuta. Kafin mu isa, faifan ya yi zafi kamar kaskon suya. A daidai wannan lokacin Alhaji zai ce in tsaya wurin masu wankin mota a bakin gari. Su sheƙa wa tayoyi ruwan sanyi bokiti-bokiti, ka ji cuuu, tururi ya tashi. Ni ina tsaye ina jin abin har cikin haƙorana. Shi kuwa yana gyara hula a madubi.

Ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi, lanƙwashewa yake yi. Ba da jimawa ba sitiyari ya fara rawa a hannuna duk lokacin da na taka birki. Na kai ta wurin bakanikenmu, wani Inyamuri Kirista da ya tsufa a Gusau har Hausarsa ta fi tawa kaifi. Ya cire faifan gaba biyu, aka kai wurin injin da ke kankare ƙarfe, aka daidaita fuskarsu. Bayan damina aka sake. A karo na uku ya auna kaurinsu, ya tura mini ɗaya da ƙafa.

"Malam, wanga ya ƙare. In an ƙara kankare shi, marfin tukunya za ka maida ma mota. Ka hwaɗa ma Alhaji a sa sabbi, dama da hagu lokaci guda. Kuma ku bar yi mata wanka tana huci."

Sau uku na gaya wa Alhaji, kuma duk a keɓe, cikin ladabi, ina durƙushe. Na farko ya ce bayan Sallah. Na biyu ya ce bayan kaka. Na uku ya yi dariya.

"Kai dai da bakanikenga naka! Faifan da mota taz zo da shi za ni yasuwa, in sa na kasuwa? Ka bi ta a hankali, ai kai gwani na."

To, an ce gwani ne, sai na ci gaba da gwaninta. Ina rage gudu da giya tun daga nesa, ina lallaɓa birki kamar mai taka ƙwai. Wata biyar ina ɗauke da rayukan gidan nan a tafin ƙafata, babu wanda ya sani sai ni da Allah da bakanike.

Sai aka yi rasuwa a Tsafe, yayan Hajiya matar Alhaji ne ya rasu. Muka ɗauki hanya da safe, Alhaji a gaba, Hajiya da jikokinta uku a baya. Mun wuce duwatsun Kwatarkwashi kaɗan, Alhaji yana ta cewa in ƙara wuta kada mu rasa jana'iza, sai garken shanu ya ɓullo daga cikin gona ya hau kwalta. Na taka birki iya ƙarfina. Motar ta kama kakkarwa, birkin yana dukan ƙafata, sitiyari yana neman ƙwacewa, Hajiya tana salati. Muka tsaya hancin mota yana taɓa haƙarƙarin wata karsana. Dattijon Bafulatanin da ke kora su ya dube ni, ya dubi yaran da ke baya, ya ɗaga sandarsa ya wuce.

Ko da haka, a bakin Tsafe sai da aka wanke mota. Na tsaya ina kallon tururi yana tashi. Muka samu jana'iza, aka kai mamaci maƙabarta.

Bayan an dawo aka zauna a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Ni ina can ƙarshen tabarma, kusa da takalma, inda direba ke zama. Wani cikin surukan Alhaji ya tambaye shi hanya. Alhaji ya nuna ni da carbinsa.

"Lahiya lau, sai dai direbana tsuhwa ya kama shi. Ƙafa ta yi nauyi. Yau saura kaɗan shi saya muna saniya."

Aka yi 'yar dariya. Kowa ya san abin da ya kamata in yi. Maigida in ya zolaye ka a cikin mutane, sunkuyar da kai kake yi ka yi murmushi, ka ce Allah ya ƙara girma. Na yi haka sau ɗari a rayuwata. Amma ran nan ƙafar da ya zaga ita ce ta tsayar da jikokinsa da rai, sai na ɗaga kai na ce:

"Ranka shi daɗe, ƙafata lahiya ta lau. Faifan birki na yaƙ ƙare, kuma sau ukku ina hwaɗa maka."

Kowa ya juyo yana kallona. A gidan surukansa, a zaman makoki, a gaban ƙannen matarsa. Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Alhaji bai dube ni ba, ya ci gaba da jan carbi. Wani dattijo ya ce a yi wa mamaci addu'a, aka ɗaga hannuwa.

Muka dawo Gusau, na ajiye mota na tafi gida. Washegari na zo da sassafe kamar kullum, na tarar da shi a zaure. Ya amsa gaisuwata da kyau, har ya tambayi iyali. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo makulli. Ka yi ƙoƙari ƙwarai, ka je ka huta."

Da zagina ya yi, da na fi jin daɗi. Na fito na tsaya a bakin titi, na rasa inda mutum ke zuwa da ƙarfe bakwai na safe in ba shi da aiki. Na ji haushinsa, har yau ina ji. Na ji haushin kaina ma, don na san ƙa'idar, ba yau aka haife ni ba.

Kwana shida bayan haka na bi ta garejin bakanike, ko zai san wani mai neman direba. Sai ga jif ɗin a ɗage a kan jak, tayoyin gaba a ƙasa. Sabbin faifai biyu suna sheƙi, har da sabbin takalman birki. Bakaniken ya kasa haɗa ido da ni.

"Alhaji da kainai yab bugo mani waya," ya ce. "Yac ce a canza duka, kuma kada a ƙara zuba ma taya ruwa da zahi."

Wato ya ji maganata, bai zubar da ko kalma ɗaya ba. Fuskata ce ba ya son sake gani.

Sabon direban, wani magidanci daga Bungudu, ya mayar da taya ɗaya, yana tsugune yana ɗaure notocinta bi da bi, yana zagayawa kamar mai ɗinkin hula. In aka ɗaure haka, faifai ba ya zama daidai, wata ɗaya ya fara rawa. Na so in yi shiru in wuce, wallahi na so. Sai na hango takalmin ƙaramar jikar Hajiya a kan kujerar baya.

Na karɓi sifana daga hannunsa, na kwance su duka. Na nuna masa yadda ake yi, ka ɗaure wannan, ka tsallaka zuwa na gabansa, kaɗan-kaɗan har su kama tare. Ya yi mini godiya, ya tambaye ni ko ni ma yaron garejin ne. Na ce masa eh, na goge hannuna a riga, na kama hanyar gida a ƙasa.