Jirgin da Muka Sauko da Shi Daga Nakkasa

Shekarun baya, lokacin da rusau ya iso layinmu a Nakkasa, unguwarmu ta kan dutse a Makka, wani aiki ya faɗo mini wanda har yau in na tuna shi sai na ji kafaɗuna sun yi nauyi.

Ina da aboki, dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Sana'arsa sassaƙa jiragen ruwa na ado, irin na mutanen da, masu dogayen ginshiƙai da zannuwan kama iska, waɗanda a nan ake ce wa shira'i. A Jidda ya koya tun yana saurayi, a shagon wani mutumin Jawa. Da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu ya kasa sabunta ta, sai ya dawo Makka ya maƙale a kan dutse, yana sassaƙawa ana ɗauka ana kai masa kasuwa.

Da tsufa ya fara kama shi, ya ce zai yi guda ɗaya wanda ba na sayarwa ba. Ya ɗauki shekaru a kansa. Tsawonsa ya kusa na gado, ginshiƙin tsakiya kuwa ya fi ni tsayi in an ɗora shi a kan mazauninsa. Kowane zare sai ya goge shi da kakin zuma kafin ya ɗaura, ƙullin kuma da hantsaki yake yi, ga su kamar saƙar gizo. Ni iyakar abin da na sa hannu a ciki shi ne addu'ar hawa jirgi, da na rubuta masa a bayansa da alƙalamina da tawada. Ban da wannan ba ya barina in taɓa. Yakan ce, "Malam, hannunka na allo ne, tsaya can ka yi mana salati."

Kafin ya gama, yanar ido ta rufe masa gani, hannu kuma ya fara rawa. Shi ya sani, ni ma na sani, zare ɗaya in ya tsinke babu mai sake ɗaura shi.

Sai aka wayi gari da jan fenti a bangon gidansa, alamar za a rushe shi. 'Yarsa da ke aure a Rusaifa ta ba su ɗaki. An kwashe katifa da tukwane da murhun gas, saura jirgi. Ranar da za mu fitar da shi na kira maƙwabta, muka kama, muka nufi ƙofa, a nan muka tsaya cak. A cikin ɗakin aka gina shi, ba wanda ya taɓa tunanin zai fita. Mun karkata shi dama, mun karkata shi hagu, ginshiƙin ya ƙi wucewa.

Wani maƙwabci ya ce, "Ya shaihi, mu cire sandar nan mana, in mun isa a mayar."

Abokina ya ce, "Ka cire wuyanka in mun isa a mayar maka."

Na ɗauko igiya ina aune-aune kamar na san abin da nake yi. Matarsa tana zaune a kan ƙullin kaya tana kallonmu, har ta gaji. Ta ce, "Malam, gidan da katafila za ta ci jibi, shi kuke jin tausayin ƙofarsa? Ku fasa bangon mana."

Kunya ta kama mu duka. Aka aro guduma, aka lulluɓe jirgin saboda ƙura, muka fasa saman ƙofar da abokina ya gina da hannunsa. Yana tsaye a waje yana jin saran.

Wanda ya san Nakkasa ya san matakalarta, babu biyu masu tsayi ɗaya. Ni na kama gaba, wato da baya nake sauka, rana ta take, gumi na shiga mini ido. Abokina yana biye da mu da sandarsa yana cewa, "Shwayya shwayya, a hankali, don girman Allah." Mata suna leƙowa ta tagogin gidajen da suka rage. Sau da yawa na kusa zamewa, na riƙa hailala a zuci. Allah cikin ikonsa, muka iso ƙasa ko zare bai tsinke ba.

Mun ɗora shi a bayan dabbab, 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya, muka ɗaure gindinsa tam. Matarsa ta miƙo zanin gado a sake naɗe shi. Sai ya ƙi.

"Ba gawa ba ce," in ji shi. "Shekarun nan duka bango ne kawai ya gan shi. A bar mutane su gani."

Direban ya ce, "Ya ammi, akwai iska a kan titi fa."

"Don ita aka yi shi."

Na buɗe baki zan yi magana, na dubi fuskarsa na fasa. Muka zauna a baya, ni da shi, jirgin a tsakaninmu. A cikin unguwar Mansur kuwa an gani. Masu tsire sun bar wuta suna nuni, wani mai shago ya ɗaga hannu yana ta mashaAllah. Abokina ba ya ganinsu, sai ya riƙa tambayata, "Suna kallo?" Ina ce masa suna kallo.

Da muka fita babban titi, direba ya ɗan taka. Zannuwan nan suka cika da iska lokaci guda, suka kumbura, na ji jirgin yana fizga kamar rago a igiya. Hannun abokina na kan katakon, shi ma ya ji. Ya ce, "Malam, yana ja! Wallahi yana ja!" Ina bugun rufin mota a tsaya, direba bai ji ba. Sai ƙas! Ginshiƙin tsakiya ya karye daga gindi, ya ja na baya, zaruruwa suka zube a cinyata.

Da aka tsaya, ya shafa wurin karayar da yatsunsa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya yi innalillahi, ya ce wa matarsa, "To, Hajiya, kawo zanin."

An nemi mai gyara har Jidda, kowa ya gani sai ya ce katakon mai sauƙi ne, zaren ne ba zai iya ba. Haka ya zauna a kan kabad a gidan 'yarsa har Allah ya karɓi ran abokina. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na daɗe ina jin haushin wahalar da muka sha a banza, matakalar nan da bangon da muka fasa. Yanzu da shekaru suka hau kaina, haushin ya tafi, gajiyar ce ta rage. Mu mutanen dutsen nan mun saba ɓoye abinmu a ɗaki don kada a gan mu, har mu tsufa a haka. Shi ya gaji da ɓoyon, ya kuma san abin da zai iya biyo baya fiye da kowa a cikin motar. Da a yau za a mayar da ni bayan dabbab ɗin, ina jin shirun dai zan sake yi.