Hoda a Gidan Makoki

Muna zaman makokin Babanmu a Ƙofar Atiku, sai Gwaggo, ƙanwarsa, ta ƙura mini ido a gaban mata.

"Ke ɗiyag ga, ubanki na cikin kabari kina shafa hoda?"

Ciwon fata gare ni, kumatuna da hancina su yi jajur, zafin rana da kuka kuwa ƙara tayar da shi suke. Hodar ce ke rufa mini asiri.

Na ɗauki buta na wanke fuskar tas, na dawo na zauna.

Sai na ji wata 'yar gaisuwa tana raɗa wa ta kusa da ita, "Dubi yadda man bilicin ya ƙone ta."

Jama'a, ku gaya mini, da wace fuskar zan yi kukan ubana?