Ranar da Kakata Ta Sallami Uwar Gona

Akwai wata tafiya da na yi da kakata, ita a kan jaki ni a ƙasa, wadda ba na jin za ta fita daga raina sai ranar da aka rufe ni. Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Ina sabon magidanci, matata na goyon fari, muna zaune a gidan mahaifina a wani ƙauye kudu da Kafin Maiyaki.

Shekarar nan damina ta yi mana rowa. Ruwa ya sauka kamar da gaske, muka yi shuka, ya ɗauke. Gero ya tsiro tsawon yatsa ya ƙone. Muka sake, haka. An fita roƙon ruwa har muryar liman ta dushe. Kullum hadari ya haɗu a gabas, mu tsaya da fartanya a kafaɗa muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Mun gaji da ɗaga kai sama, mun gaji da tambayar juna yaya gona.

Kakata, wadda kowa a gidan ke kira Iya, Bamagujiya aka haife ta. Ta musulunta sa'ad da kakana ya aure ta, tana salla tana azumi, amma ba ta bar ba mu labarin Uwar Gona ba. A faɗarta, ran duk abin da ke tsirowa yana hannun Uwar Gona. Da rani takan tafi ganin gida can bayan duwatsu, shi ya sa ƙasa ke bushewa. Da bazara ta ɗauko tulu ta kamo hanya, zafin da ake ji hucinta ne na hawan tudu. In ta iso gindin tsamiyarta ta sauke tulun, shi ne damina. Mahaifin Iya ne mai yi mata maraba kowace shekara da jar kaza. Bayansa yayanta ya gada, shi kuma ya rasu shekaru kafin wannan bazarar, ba wanda ya gaje shi.

Wata safiya ta kira ni da sunan wasan da take kirana. "Maigida, ɗaura wa jaki akumari ka kai ni kufanmu."

Na ce, "Iya, kufai kuma? Me kika bari a can?"

"Baƙuwa ta iso, ba wanda ya ce mata sannu."

Babana yana daga zaure ya ji. Ya shigo ya durƙusa gabanta. "Iya, ki rufa mana asiri. Jiya muka dawo daga roƙon ruwa, yau a ce uwata ta tafi gindin tsamiya? Da wane ido zan kalli jama'a? Ruwa na Allah ne."

Ta ce, "Tun ba a haife ka ba na san haka."

Ya juyo ya kalle ni. "In ka kai ta, kai ka sani." Ya fita.

Ban motsa ba. Ita kuwa ta ɗauki sandarta ta fice. Tsohuwar da ko rijiya ba ta iya zuwa. Matata ta ce mini a hankali, "In ta faɗi a daji, da wane baki za ku faɗa?" Na kwance jaki. A bayan gari na cim mata, tana zaune kan kunya tana haki.

Muka nufi wajen Doguwa. Rana ta buɗe, gonaki dama da hagu ja wur, kamar ba a taɓa zuba musu iri ba. Jakin ma sai da turi. Ina tafe ina lissafin zunubi, na ƙudura a raina ko za ta tsine mini ba zan riƙe mata wuƙa ba. A hanya wani Bafulatani da shanunsa duk haƙarƙari a waje ya ba mu ruwa daga gorarsa, bai tambaye mu ina za mu ba. Shi ma bai da ƙarfin tambaya.

Da la'asar muka isa. Katangu sun zube, sabara ta cinye tsakar gidaje. Iya ta nuna da sanda, na ja jaki zuwa wurin. Babu tsamiya. Kututture ne kawai, faɗinsa kamar faifan tabarma. Wani mutum da ke gyaran gona kusa ya zo muka gaisa, ya ce ai ta daɗe da bushewa, masassaƙa suka sare ta suka yi turame.

Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta ce in sauke ta. Ta zauna jikin kututturen ta miƙe ƙafafu. Can ta fara magana, ba da muryar roƙo ba, irin yadda tsohuwa ke yi wa sa'arta.

"Sannu da zuwa, in kin zo. In ba ki zo ba ma, ba laifi. Kin tsufa, na tsufa. Yayana ya tafi. 'Ya'yana sun kama hanyarsu, ni ma ita nake bi, kuma ban yi nadama ba. Bayana ba mai zuwa. Kada ki ƙara tsayawa nan da tulu a ka kina jiran maraba. Sallama na zo yi."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan curin gumba. Na ce a raina yanzu za ta aza a kan kututturen. Ta raba biyu ta miƙo mini rabi. "Ci, maigida, kai ka sha tafiya." Da ta cinye nata ta karkaɗe hannu ta ce, "Ina gabas?" Na nuna mata. Ta yi taimama ta yi la'asar a zaune.

Mutumin nan ya ba mu masauki, washegari muka koma. Babana bai amsa gaisuwata ba sai da aka kwana biyu. Sannan ya tare ni a gona, bai kalle ni ba ya ce, "Me ta yanka?"

"Ba ta yanka komai ba, Baba."

"To me ta je yi?"

"Sallama."

Ya koma kan nomansa. Da muka koma gida ya wuce ɗakinta ya zauna a bakin ƙofa kusa da ita, uwa da ɗa.

Ruwa ya zo daga baya, a makare, kuma bai yi yawa ba. Abin da muka girbe bai kai mu ko'ina ba, tafasa da rama suka ƙarasa mu. Iya ta ƙara 'yan shekaru a duniya, amma ko jikoki sun matsa mata, ba ta sake ba da labarin nan ba.

Yanzu da na kai shekarunta na gane cewa tsoho ba ya gajiya da tafiya kamar yadda yake gajiya da riƙon abin da ba mai karɓa. In ya ce ka raka shi ya ajiye, ba sai ka yarda da abin ba. Ka raka shi kawai, tun yana da sauran numfashi.